Kofi Ɗaya, Awo Biyar: Abubuwan Mamaki Game da Awon Ruwa a Girki

Idan littafin girki ko mai koyar da girki a YouTube ta ce a zuba madara kofi ɗaya, tambayar da ta kamata uwargida ta fara yi ita ce: kofin wace ƙasa? A Amurka kofin awo mililita 237 yake ɗauka. A Ostareliya da Kanada mililita 250 ne. A Japan 200. A tsofaffin littattafan girki na Ingila ya kai 284. Sai kuma ɗan kofin robar nan da ke zuwa cikin tukunyar lantarki ta dafa shinkafa, shi 180 ne kacal. Tsakanin ƙaraminsu da babbansu akwai fiye da mililita ɗari, kuma dukkansu sunansu kofi. Mace takan bi bayani tiryan-tiryan, ta sayi fulawa da bota da ƙwai da tsadarsu, kek ya fito a cushe ko kwaɓin fanke ya yi ruwa, ta zauna tana zargin hannunta, alhali kofinta ne bai yi daidai da na mai bayanin ba.

Ko a cikin Amurkar ma kofin bai tsaya wuri guda ba. Wanda ake girki da shi 237 ne, amma wanda hukuma ta sa kamfanoni su yi lissafi da shi a jikin kwalin abinci 240 ne. Na'urar dafa gahawa kuma idan an rubuta mata kofi goma sha biyu, kowane kofinta bai cika wuce mililita 150 zuwa 180 ba.

Shi wancan ɗan kofin shinkafa yana da tarihi mai tsawo. Tsohon ma'aunin Japan ne da suke kira go, kuma go dubu shi ne koku ɗaya, wato kimanin lita 180, adadin shinkafar da suka ɗauka tana isar mutum guda shekara. Da koku ake auna arzikin sarakunan gargajiyar ƙasar a da, a ce wane mai koku dubu kaza ne. Layukan da ke jikin tukunyar lantarki, masu lamba ɗaya, biyu, uku, da wannan ɗan kofin aka yi lissafinsu. Idan ya ɓace kika maye gurbinsa da kofin shan shayi, ruwan da layin ya nuna ba zai ishi shinkafar ba.

Cokali ya fi kofi rikici, domin shi ƙarami ne kuma abin da ake aunawa da shi mai ƙarfi ne: gishiri, yis, bekin hoda, kanwa, magani. Ƙa'idar da kusan duk duniya ta yarda da ita mai sauƙi ce. Ƙaramin cokali mililita 5, babban cokali 15, wato ƙarami uku ke cika babba ɗaya, kuma babba goma sha shida ke cika kofin Amurka. Ostareliya ce ta fita daban, nata babban cokalin mililita 20 ne, ƙarami huɗu ke nan. A rubutun Turanci kuma harafi ɗaya ne ke raba su: tsp ƙaramin cokali, tbsp babba. Wasu tsofaffin littattafai ma ƙaramin harafin t da babban T kawai suke sawa. Wadda idonta ya tsallake wannan ta ninka gishiri sau uku.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne daɗewar wannan mililita 15 ɗin. Mutanen tsohuwar Masar suna da ma'auni mai suna ro, kashi ɗaya cikin 320 na babban mudunsu na hatsi, kuma da aka lissafa sai ya faɗo kusan mililita 15. Da shi likitocinsu suke auna haɗin magani a takardun da aka rubuta kimanin shekara 3,500 da suka wuce. Cikin baki ɗaya ne na babban mutum.

Amma cokalin awo daban, cokalin da ke cikin kwandon wanke-wanke daban. A 2010 wasu likitoci a ƙasar Girka sun bi gidaje suna tattara cokulan shayi suna aunawa, suka tarar mafi ƙanƙanta mililita 2.5 yake ɗauka, mafi girma kuma 7.3. Kusan ninki uku. A miya wannan ba komai ba ne, za ki ɗanɗana ki gyara. A maganin yaro kuwa babban lamari ne, domin idan likita ya ce mililita 5, cokalin gida zai iya ba yaron rabin abin da yake buƙata, ko ya zarce masa. Don Allah a riƙa amfani da ɗan murfin awo da ke zuwa da kwalbar maganin, ko a sayi sirinji marar allura a kemis. Haka ruwan gishiri da sukari na mai gudawa: sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali, cikin lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa. Idan gishirin ya yi yawa zai ƙara wa yaro wahala. Madarar jarirai ta gwangwani ita ma a bi abin da ke rubuce a jikinta, a fara zuba ruwan har layin da aka ce, sannan a sa garin da cokalin da ya zo a ciki.

Maganar "a shafe" ɗin nan wata mace ce ta kafa ta a girkin zamani. Sunanta Fannie Farmer, shugabar wata makarantar koyon girki a birnin Boston, wadda ta fitar da littafinta a 1896. Kafin ita, littattafai cike suke da bota kamar girman ƙwai, madara kofin shayi, sukari cokali mai tozo. Ita ta dage cewa a cika cokali a bi samansa da wuƙa a shafe, don abin da ta dafa a Boston ya fito iri ɗaya a hannun wadda ba ta taɓa ganin ta ba. Kamfanin ɗab'in bai yi tsammanin littafin zai sayu ba, sai da ta biya kuɗin buga kwafi 3,000 na farko daga aljihunta. Har yau ana sake buga shi.

Galan kuma biyu ne a duniya, kuma siyasa ce ta raba su. Tun 1215, a yarjejeniyar Magna Carta, manyan Ingila suka sa Sarki John ya amince a sami ma'auni ɗaya na giya da hatsi a duk faɗin ƙasar, amma hakan bai hana su ci gaba da galan iri-iri ba, na giyar inabi daban, na hatsi daban. A zamanin Sarauniya Anne, a 1707, doka ta tsayar da galan ɗin giyar inabi, kuma shi ne Turawan da suka zauna a Amurka suka riƙe. Amurka ta ɓalle a 1776 da abinta. A 1824 Ingila ta soke tsofaffin ma'aunanta ta kafa sabon galan, wanda ta ce shi ne girman ruwa mai nauyin laba goma. Sakamakon haka galan ɗin Amurka lita 3.79 ne, na Ingila lita 4.55. Bambancin ya kai cikin robar ruwa ta santilita 75. A kasuwanninmu kuma abin da ake kira galan sau da yawa lita 4 ne ko lita 5, don haka mai sayen man gyaɗa ta tambayi lita nawa ne kafin ta taya.

Rabuwar ta sauko har kan ƙananan ma'aunai. Fayint na Amurka mililita 473, na Ingila 568. Ga kuma abin ɗaure kai: ozar ruwa ta Ingila ta fi ta Amurka ƙanƙanta, 28.4 da 29.6, amma fayint ɗinta ya fi girma, domin oza ashirin ke cikinsa, na Amurka kuma goma sha shida. A kicin ba sai kin wahalar da kanki ba. Ki ɗauki oza ɗaya a matsayin mililita 30, babban cokali biyu ke nan, sai dai idan kin ga fayint ki duba daga wace ƙasa bayanin ya fito, don a nan kusan mililita ɗari ke tsakani.

Gangar ɗanyen mai da muke jin farashinta kullum a rediyo galan 42 ce ta Amurka, lita 159.

Lita ta fi duk waɗannan tsari. Faransa ce ta kafa ta a 1795, bayan juyin juya hali, da nufin a huta da ma'aunan da kowane gari ke da nasa. Akwati mai santimita goma tsawo, goma faɗi, goma zurfi, abin da ya ɗauka shi ne lita, kuma ruwan da ya cika shi kilo ɗaya ne. Wannan ce babbar kyautar da tsarin ya yi wa mai girki: mililita ɗaya na ruwa giram ɗaya ne. Idan kina da sikeli ba ki da kofin awo, ki ɗora kwano ki zuba ruwa har giram 250, kin sami kofi ɗaya. Madara ma kusan haka take, lita ɗaya ba ta wuce kilo da giram talatin ba. Nijar ta gaji lita daga Faransa, Najeriya kuwa sai a shekarun 1970 ta bar galan da laba ta koma lita da kilo, shi ya sa har yanzu bakinmu bai saki galan ba.

Su kansu masana sun taɓa yin tuntuɓe da ita. Daga 1901 zuwa 1964 an ɗaura ma'anar lita a kan nauyin ruwa, aka gano daga baya cewa ta ɗara wancan akwatin da ɗan abin da bai kai ɗigo ɗaya ba, aka mayar da ita yadda take. A 1978 kuma wani malamin jami'a a Kanada, Ken Woolner, ya ƙirƙiri labarin wani Bafaranshe wai shi Claude Litre wanda aka ce da sunansa aka raɗa wa lita suna. Wasan ranar 1 ga Afrilu ne, mutumin bai taɓa wanzuwa ba, amma sai da wasu mujallu suka ɗauka a matsayin gaskiya.

Gajerun haruffan da ke jikin kwalabe ba su da wuya idan an san su. cl santilita ce, mililita goma, don haka 50cl rabin lita ne. dl kuma mililita ɗari, ita mutanen Suwidin suka fi girki da ita, har suna da ɗan cokalin yaji mai mililita ɗaya tak. cc da ke jikin sirinji daidai take da mililita, babu bambanci.

Inda aka fi yin asara shi ne ɗaukar cewa kowane ruwa-ruwa nauyinsa ɗaya da ruwa. Lita ɗaya ta zuma kusan kilo 1.4 ce, don haka wanda ya sayar miki da zuma kilo ɗaya abin da za ki gani a kwalba kimanin mililita 700 ne kawai, kuma bai cuce ki ba. Man gyaɗa akasin haka ne, lita ɗaya giram 910 zuwa 920, shi ya sa yake tasowa saman miya. Jarkar mai ta lita 25 idan aka ɗora a sikeli man da ke ciki kimanin kilo 23 ne. Kofi mai 250 idan ruwa ne giram 250, idan mai ne kusan 230, idan zuma ce 350. Masu yin alkaki da nakiya don sayarwa, waɗanda ke sayen zuma da kilo su yi aiki da ita da kofi, su lura da wannan wajen lissafin riba.

Irin wannan kuskuren ya taɓa kusan halaka mutum 69. Ranar 23 ga Yuli, 1983, wani jirgin Air Canada ƙirar Boeing 767 ya tashi daga Montreal zuwa Edmonton. Kanada na cikin sauya ma'auni a lokacin, ma'aikata suka auna man jirgi da lita, da suka zo mayar da shi nauyi sai suka yi lissafi da laba maimakon kilo. Jirgin ya tashi da ƙasa da rabin man da yake buƙata, injinansa biyu suka mutu a sama, matuƙin ya lallaɓa ya sauke shi a wani tsohon filin jirgin soja a garin Gimli. Allah ya kiyaye, babu wanda ya rasu.

Shi kansa ruwan yana da halayensa. Ki haɗa sukari kofi ɗaya da ruwa kofi ɗaya ki dama har ya narke, ba za ki sami kofi biyu ba, kusan ɗaya da rabi za ki gani, don sukarin ya shige cikin ruwan. Ruwa idan ya zama ƙanƙara yana ƙaruwa da kusan kashi tara cikin ɗari, dalilin da ya sa robar zoɓo ko kunun aya da aka cika har baki take kumbura ko ta fashe a firiza. A bar mata ɗan sarari a wuya. Tafasasshen ruwa ya fi mai sanyi cika kofi da kimanin kashi huɗu cikin ɗari. Manja da man shanu idan hunturu ya daskarar da su suna barin ramuka a cikin kofi, sai an narkar sannan awon zai yi gaskiya. A cikin kofin gilashi kuma saman ruwa ba a miƙe yake ba, gefensa yana ɗan hawa jikin kofin, tsakiya ta lotsa. A ajiye kofin a kan tebur, a sunkuya ido ya yi daidai da layin, a karanta daga ƙasan lotsawar. Wanda ya riƙe kofi a hannu yana leƙawa daga sama ba zai taɓa samun daidai ba. Ɗigo ashirin na ruwa kusan mililita ɗaya ne, amma ɗigon mai da na zuma ba su bin wannan lissafin. Ita zumar, ki shafa wa cokalin ɗan mai kafin ki ɗiba, za ta sauka gaba ɗaya.

Akwai kuma abin da masu girkin biki suka daɗe da sani: idan aka ninka shinkafa ba a ninka ruwa daidai da ita. Ruwan da ke cikin tukunya kashi biyu yake rabuwa, wanda shinkafa ke sha da wanda ke tafiya a tururi. Na farko yana bin yawan shinkafar, na biyu kuwa faɗin bakin tukunya da daɗewarta a wuta yake bi. Wadda ta saba kofi ɗaya na shinkafa da kofi biyu na ruwa, ta zo dafa kofi goma ta tsayar da ruwa kofi ashirin, dafa-dukarta caɓewa za ta yi. A ƙasashen Asiya da dama da yatsa suke warware matsalar: a daidaita shinkafa, a ɗora kan ɗan yatsa a samanta, a zuba ruwa har ya kai gaɓar farko.

Abin farin ciki, gidajenmu cike suke da ma'aunai masu lamba a jiki. Ledar ruwan sha mai 50cl kofi biyu ce ta 250. Robar ruwa mai 75cl kofi uku. Babbar roba mai lita ɗaya da rabi kofi shida. Kwalbar lemo mai 35cl kusan kofin Amurka ɗaya da rabi ce. Gwangwanin madara ne kawai zan ce a yi hattara da shi, domin lambar da ke jikinsa nauyi ce ta giram, kuma kamfanoni suna rage girman gwangwani lokaci zuwa lokaci, ta yadda gwangwanin da aka auna cincin da shi shekaru ashirin da suka wuce ba lallai ya zama na yau ba. Madarar da ke cikinsa kuma an ƙafe kusan kashi sittin cikin ɗari na ruwanta. Idan bayani ya ce madara kofi ɗaya, rabin kofi na ta gwangwani da rabin kofi na ruwa ake nufi a wajenki.

Ba na cikin masu raina awon iyayenmu. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima, kuma tsohuwar da ke tsayar da ruwan tuwo na mutum talatin ba tare da kofi ba tana aiki ne da ilimin da ta tara shekara da shekaru. Sirrin ludayi da moɗa da ƙwarya shi ne mazubi ɗaya ake auna komai da shi, don haka ko girmansa ya bambanta daga gida zuwa gida, daidaiton da ke tsakanin kayan haɗin ba ya canzawa. Wasu al'ummomi ma haka suke yi har gobe. Littattafan girkin Turkiyya da kofin ruwa da ɗan gilashin shayi suke bayani. A Faransa kek ɗin farko da ake koya wa yara da robar yogot ake auna shi: a juye yogot ɗin, a auna sukari da fulawa da mai da robar da ya fito. Matsala tana tasowa ne lokacin da aka gauraya, fulawa da kofin gida, madara da mililita, bekin hoda da cokalin da aka ci tuwo da shi.

Awon ruwa ya shiga har cikin ibada. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana alwala da mudu ɗaya na ruwa, yana wanka da sa'i ɗaya zuwa mudu biyar. Mudun nan cikin tafin hannu biyu ne na matsakaicin mutum, mafi yawan malamai suna ƙiyasta shi ƙasa da lita ɗaya, sa'i kuma mudu huɗu ne, shi ne ake fitar da zakkar fidda kai da shi. Mudun kasuwar Dawanau ko ta Maraɗi ya fi wannan girma nesa ba kusa ba, shi ya sa ake ƙera mudun Annabi daban ana sayarwa gab da ƙaramar salla.

'Yan'uwa masu koyar da girki da Hausa a Facebook da TikTok da gidajen talabijin, idan kun ce kofi ku faɗi mililita nawa ne kofin naku, sau ɗaya a farkon bayani ya isa. Ke kuma uwargida, ki nemi jug mai layukan mililita da jerin cokulan awo, ba su da tsada a kasuwa. Idan hakan bai samu ba, ki zaɓi kofi ɗaya a gidan, ki auna shi da ledar ruwa ko sirinji ki san abin da yake ɗauka, ki ware shi don girki kaɗai, ki hana yara shan ruwa da shi.